Gashi yana ƙyalli da mai amma yana karyewa: me ya rasa?

Tambaya: Wata uwa daga Katsina ta aiko cewa: "'Ya'yana mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma gashinsu ya sha bamban. Babbar shekarunta 14, gashinta mai laushi ne mai santsi, irin na dangin babanta. Ƙaramar shekarunta 7, nata mai tauri ne a cukurkuɗe, irin nawa kafin in fara sa rilaksa. Man kitso ɗaya nake shafa mana. Babbar kullum kanta cikin maiƙo da amosani, ƙaramar kuwa ko na lafta mata mai gashin a bushe yake, ranar tsifa sai kuka. Ni ma da hunturu ya shigo sai in riƙa ganin gashina a mataji. An ce min rashin shan ruwa ne. Yaya zan yi?"

Amsa: Maman yara, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya mana su. Kawuna uku kike kula da su da kwalba ɗaya, alhali kowane allazi da nasa amanu. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ki riƙe wannan: mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya rage saurin fitar ruwan da ya riga ya shiga, ya kuma sa gashi ya riƙa zamewa a jikin ɗan'uwansa maimakon su sarƙe. Duk lokacin da kika lafta mai a kan busasshen gashi, ƙyalli kawai kika saya. Taurin yana nan inda yake, ƙurar hunturu kuma ta samu wurin maƙalewa.

Maganar shan ruwa kuwa, ku sha, jiki yana buƙata. Amma ruwan da kika sha yau ba zai kai ga gashin da ya riga ya fito ba. Sashen gashi mai rai yana can cikin fata, a saiwa, inda jini ke kai masa abinci. Abin da ya fito waje har kike tajewa ba shi da jijiya, ba shi da jini, shi ya sa aski ba ya zafi. Kowane sili yana da ciki mai ƙarfi wanda aka gina da wani furotin mai suna keratin, sannan an lulluɓe shi da siraran ɓawo da suka hau kan juna, bakinsu yana fuskantar ƙarshen gashi. Daga waje ruwa ke shiga wannan silin, ta waje kuma yake fita.

Wanda ya fi kowa iko da ruwan da ke cikin gashi shi ne iskar garin da kike zaune. A iska mai matsakaicin danshi, ruwa yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin gashi. Idan aka jiƙa shi sharkaf yakan sha kusan kashi 30. Da iska ta bushe sai ya saki nasa, da ta yi laima sai ya zuƙa. Wannan ɗabi'a tasa tabbatacciya ce har wani masani ɗan ƙasar Siwizalan, Horace de Saussure, ya ƙera ma'aunin danshin iska da silin gashin mutum a 1783: gashin ya miƙe a san iska ta yi laima, ya takure a san ta bushe. To ki duba inda kike. A tsakiyar hunturu, danshin iska a Katsina, Kano, Maraɗi ko Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a lokacin da na Legas ko Fatakwal yawanci yana sama da 60. Saboda haka shawarar da 'yar Legas ta bayar a TikTok ba lallai ta yi wa 'yarki aiki a watan Janairu ba, ko da gashinsu iri ɗaya ne.

Me ruwan yake yi idan ya shiga? Kin taɓa ganin mai saƙar tabarma ta fara aiki da busasshiyar kaba? Sai ta jiƙa ta tukuna, don ta lanƙwasu ba tare da ta tsage ba. Haka gashi yake. Ruwa yana sassauta wasu ƙananan ɗauri da ke cikin keratin, sai silin ya yi laushi ya yarda a lanƙwasa shi. Idan ya bushe ƙayau sai ya yi tauri, mataji na taɓa shi ya ɓalle.

Yanzu ga inda 'ya'yanki suka rabu. A gindin kowane sili akwai wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo, man da Allah Ya halitta wa fatar kai. A gashi mai santsi, wannan maiƙo yana gangarowa daga saiwa har ƙarshe cikin 'yan kwanaki, mataji ma yana taimaka masa. A gashi mai murɗiya, hanyar duk kwana-kwana ce, maiƙon yana tsayawa kusa da fata, ƙarshen gashi ya zauna babu komai. Ga kuma bambancin ƙira. Idan aka yanka silin gashi mai santsi aka duba bakinsa da madubin ɗakin gwaje-gwaje, zagayayye ne. Na mai murɗiya a baje yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma kaurinsa ba daidai yake ba daga sama zuwa ƙasa. Kowace kwana wuri ne mai rauni, kuma a nan ɓawon ya fi saurin ɗagawa. Keratin ɗin kam iri ɗaya ne a kan Bahaushiya da Ba'indiya, ƙirar silin ce ta bambanta.

Wata likitar fata 'yar Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta duba gashin da ke fita a mataji ita da abokan aikinta, suka buga sakamakon a 2000. Sun ga cewa gashin baƙar fata yana ƙulla kansa da kansa fiye da na Turawa da na mutanen Asiya nesa ba kusa ba, kuma yawancin abin da ke fita guntaye ne da suka karye, ba waɗanda suka zube daga saiwa ba. Wani binciken na 2001 ya nuna irin wannan gashi yana tsiro wajen milimita 8 a wata, na Turawa kuwa ya ɗara santimita 1. Na kawo miki waɗannan ne don in cire miki wata damuwa da iyaye mata ke yawan zuwa da ita, wai gashin yarinya ba ya fitowa. Yana fitowa. Abin da ya ƙaru daga ƙasa ne yake karyewa daga sama, sai tsawon ya tsaya cak.

Za ki riƙa cin karo da lambobi a jikin kwalabe da intanet: 1, 2, 3, 4, da su 3b da 4c. Wani mai gyaran gashi ɗan Amurka, Andre Walker, wanda ya daɗe yana gyara wa shahararriyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey kai, shi ya fito da tsarin a shekarun 1990. Lamba 1 miƙaƙƙe ne, 2 mai ɗan lanƙwasa, 3 mai naɗi, 4 mai murɗiya sosai. Daga baya, a 2007, masu binciken kamfanin L'Oréal suka auna gashin mutane daga ƙasashe da dama suka kasa shi gida 8. A ganina waɗannan lambobi suna da amfani wajen kwatance kawai. A ƙasar Hausa, inda Fulani, Buzaye, Barebari da Larabawan Shuwa suka daɗe suna auratayya da mu, sai ki samu kusan duk nau'o'in a gida ɗaya, wani lokaci ma a kai ɗaya, na ƙeya daban na goshi daban. Kuma lambar ba ta gaya miki kaurin sili ba. Akwai gashi mai murɗiya sosai amma silinsa siriri ne, man kaɗanya yana yi masa nauyi. Ba ta kuma gaya miki abin da ya fi muhimmanci ba, wato lafiyar ɓawon nan da ya lulluɓe sili.

A nan mutane suka fi yin kuskure, don abin ya saɓa wa yadda ake zato. Lafiyayyen gashi ba ya saurin shan ruwa. A bayan ɓawonsa akwai wani siririn maiƙo da aka halicce shi da shi, manne da jikinsa, wanda ke sa ruwa ya tsaya a kai ɗigo-ɗigo kafin ya shiga. Rilaksa, rinin da ke washe launin gashi, zafin ƙarfen miƙar da gashi, rana da yawan taza duk suna kankare wannan maiƙo, kuma idan ya tafi ba ya dawowa sai a sabon tsiro. Gashin da ya rasa shi yana zuƙe ruwa nan take, ya kumbura, sannan ya saki ruwan nan take. Wato gashin da ya fi kowanne shan ruwa shi ne wanda hannu ke jin sa a bushe, domin abin da yatsu ke ji kaushin ɓawon da ya ɗaɗɗaga ne. Don gane na kowacce, ba sai kin jefa sili a kofin ruwa kina jiran ya nutse ba, wannan gwajin ba abin dogaro ba ne, ɗan mai kaɗan a jikin silin ya isa ya sa shi yawo a sama. Ki lura ranar wanki kawai. Wanda kika daɗe kina zuba wa ruwa kafin ya jiƙe, ya kuma daɗe bai bushe ba, ɓawonsa a kwance yake: ruwa mai ɗumi yake so da mai marar nauyi, kaɗan. Wanda ya jiƙe cikin ƙiftawar ido, kafin ki gama shirya mataji ya bushe ya yi kaushi, shi ke buƙatar kwandishina da yawa, wato kirim ɗin da ake sa wa gashi bayan wanki don ya yi laushi, da mai mai kauri a kai.

Mu fara da ƙaramar, don ita ce mai kuka. Yaro kafin ya balaga fatar kansa ba ta fitar da maiƙo sosai, ga gashinta mai murɗiya, ga hunturu. Abubuwa uku sun haɗu mata. Iyaye da yawa suna tsoron wanke irin wannan kai, sai a bar shi wata guda ko fiye ana ta ƙara mai a kan mai. Ni kuwa ina ganin ranar wanki ita ce ranar da gashin ke samun abin da yake nema. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma abin da take ba masu irin gashinmu shawara shi ne a wanke sau ɗaya a mako ko a mako biyu, a kuma sa kwandishina duk wanki. Da ƙurarmu, kada ki wuce mako biyu, ko da kitso a kanta.

Da me za ki wanke? Kada omo ko sabulun wanki ya kusanci kanta. Sabulun salo kuwa, wanda muke ƙauna, yana da abin lura. Da toka ake yin sa, don haka a ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin abu ko kaifin tokarsa, yana wajen 9 zuwa 10, fatar kai kuwa tana wajen 5.5. Abu mai kaifin toka yana sa gashi ya kumbura, ɓawo ya ɗaga, shi ya sa bayan wanki da shi sai ki ji gashin yana ƙara a hannu, ya kuma cukurkuɗe. In shi kike da shi, ki narkar da kaɗan a ruwa, ki wanke fatar kai kawai, ki bi da kwandishina. Shamfu marar ƙarfi ya fi. Sannan ga abin da kakanninmu suka sani wanda nake so ya dawo kowane gida: karkashi. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan zafi, ki bar shi ya huce har ya saki yauƙi, ki tace. Ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki kama kashi ɗaya ki shafe shi da yauƙin tun daga saiwa har ƙarshe, ki sa yatsunki ki fara warwarewa daga ƙarshen kina hawa sama. Za ki ji ƙulle-ƙullen suna sakin juna da kansu. Sai bayan yatsu sun wuce babu tsayawa za ki kawo mataji mai manyan haƙora. Wannan ganye shi ne matan Chadi ke kira ambunu, wanda yanzu ake ƙullawa a leda ana kai wa Turai da Amurka. Yana wanke datti marar yawa, amma ba zai cire basilin na wata guda ba, a fara da shamfu in kan ya tara mai.

Gashi mai murɗiya a jiƙe ake taje shi, da abu mai santsi a jikinsa. Miƙaƙƙen gashi ne ya fi son a bar shi ya sha iska kafin taza. An gwada wannan an tabbatar: ruwa yana sassauta murɗiyar, sai mataji ya wuce da ƙarfi kaɗan.

Bayan kin ɗauraye, kada ki goge da tawul kamar mai wanke tukunya. Ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi. Tun gashin yana da danshi, ba ya ɗiga amma bai bushe ba, ki shafa kirim ɗin gashi wanda ba a wankewa. Ki duba bayan kwalbar, in kalmar farko a jerin kayan haɗin ruwa ce, wadda ake rubutawa Aqua, to shi ne. Sannan ki murza man kaɗanya kamar girman ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, ki bi kashi ɗaya da shi, ki fi ba ƙarshen gashi, don shi ne mafi tsufa kuma mafi wahala. Ki tufke wannan kashin kafin ki koma na gaba. Ruwa a fara, mai a rufe, ba a juya su.

Tsakanin wanki da wanki, ki samu 'yar kwalbar fesawa ki zuba ruwa mai tsabta da ɗan kwandishina. Da hunturu, duk kwana biyu ko uku ki fesa a kan kitson, ba har ya jiƙe ba, ki bi da ɗan mai a tafin hannu. Ki riƙa haɗa kaɗan kina sabuntawa, haɗin da ya kwana biyu a zafi yana lalacewa. Ranar tsifa ma kada tsinke ya taɓa busasshen kitso: fesa ruwa, shafa mai, ba shi minti goma, sannan ki fara daga ƙarshe. Rabin kukan nan zai tafi. Ki roƙi makitsiya ta sassauta hannu, musamman a goshi da gefen kunne. Kitson da ya sa yarinya ta kasa runtse ido ko ƙuraje suka feso a gindinsa yana cinye gashin goshi, in aka daɗe ana yi ba ya dawowa. Da dare ta kwana da hula mai santsi, domin matashin auduga yana shanye mai yana kuma goge gashi.

Ba duk mai ne aikinsu ɗaya ba. A 2003 wasu masu bincike biyu a Indiya suka gwada man kwakwa, man furen rana da farin man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, wanda shi ne gindin yawancin man kitson kasuwa. Man kwakwa kaɗai ya rage zubewar furotin daga gashi, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne miƙaƙƙu, suna ratsawa cikin sili. Don haka wurinsa mafi kyau shi ne kafin wanki: a shafa da dare ko awa ɗaya kafin a wanke, ya rage kumburin da ruwa ke sa gashi. Man alayyadi danginsa ne ta wannan fuska, ga shi da araha. Sai dai man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, shi ya sa da safiyar hunturu wasu ke jin gashinsu ya sandare bayan sun shafa shi. Man kaɗanya da man zurma masu kauri ne, aikinsu rufewa. Basilin kuma, wanda yanzu ake ta zagi, ba shi da laifi a kan kansa. Babu abin da ya kai shi tare ruwa, kuma a busasshiyar iskarmu yana da ranarsa. Laifin yana wajen shafa shi a busasshen gashi, da cusa shi a fatar kai, da barinsa ba wanki.

Za a ce miki ki sayi chebe, wani garin gyaran gashi daga Chadi, wai yana tsirar da gashi. Matan Larabawan Basara na Chadi da aka san su da shi suna da dogon gashi da gaske, amma ki dubi yadda suke yi. Suna jiƙa gashin, su shafa mai, su barbaɗa garin a jikin gashin ba a fatar kai ba, su kitse, su bar shi kwanaki ba taza, sannan su maimaita. Ruwa, mai, kitso da ƙarancin taɓawa. Gashin ba ya karyewa ne, sai tsawon ya taru. Wadda ta sayi garin ta bar sauran aikin ba za ta ga abin da suka gani ba.

Abu ɗaya game da yara da ba na son ya wuce: idan gashin yaro ya koma ja-ja, ya yi laushi marar ƙarfi, yana tsigewa da sauƙi, wannan na iya zama alamar tamowa. Idan kuma wani wuri ya ƙwaƙule ya yi fari-fari da ɓawo, makero ne, kuma maganin sha yake buƙata. Dukansu na asibiti ne, ba na kwalbar mai ba.

Babbar kuwa matsalarta kishiyar ta ƙanwarta ce. Tana shekarun balaga, lokacin da fatar kai ta fi fitar da maiƙo, gashinta kuma ya ba maiƙon hanya. Ba ta rasa mai ba, ke kuma kina ƙara mata. Amosani sau da yawa ba bushewar fata ba ne kamar yadda ake ɗauka. Akwai wata ƙwayar halitta dangin fumfuna mai suna Malassezia da ke zaune a kan kowa, abincinta maiƙo ne. Idan ta yi yawa sai fata ta fusata ta riƙa saɓa. Kina ganin farin gari ki ce bushewa ce ki ƙara man zaitun, garin ya kwanta na kwana biyu, ita kuwa ƙwayar ta samu abinci. Ki daina sa mata kowane irin mai a fatar kai. Ta riƙa wankewa aƙalla sau ɗaya a mako, da bazara ma sau biyu. Ki nemi shamfu mai sinadarin ketoconazole na kashi 2 a kantin magani, ta shafa a fatar kai ta bar shi minti 3 zuwa 5 kafin ɗaurayewa, sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan sai jefi-jefi. Yana busar da gashi, don haka kwandishina daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe. In ƙarshen yana neman mai, ɗigo biyu ko uku na mai marar nauyi ya isa. Man kaɗanya da man kitso mai kauri ba nata ba ne.

Sai ke. Rilaksa na miƙar da gashi ne ta hanyar tsinka ɗaurin da ya fi kowanne ƙarfi a cikin keratin, da sinadarin da pH ɗinsa ya kai 12 ko fiye. Likitar nan Khumalo ta sake nunawa a 2010 cewa gashin da aka sa wa rilaksa yana rasa wani kaso na sinadarin cystine, wanda shi ke ba shi ƙarfi. Rilaksan da aka rubuta wa cewa ba shi da soda, na cikin kwali da ake haɗawa a gida, ya fi sauƙi a fata amma yakan bar alli a jikin gashi, ya ƙara masa bushewa. Gashinki yanzu shi ne irin wanda na ce yana shan ruwa nan take ya saki nan take, kuma a jiƙe ba shi da ƙarfi ko kaɗan, saboda haka kada ki ja shi da mataji yana ɗiga. Ba yawan jiƙawa yake so ba, sutura yake so: man kwakwa kafin wanki, kwandishina mai kauri duk wanki a bar shi minti 15 zuwa 20 a ƙarƙashin hular leda, mai furotin a ciki kamar sau ɗaya a wata, sannan ɗan man gashi mai silikon a ƙarshe, wanda ke kwantar da ɓawon da ya tashi. Tsakanin rilaksa da rilaksa a samu mako 8 zuwa 12, kuma a sabon tsiro kaɗai, kada a ja shi har ƙarshe kowane zuwa. Wurin da sabon tsiro ya haɗu da tsohon gashi nan ne ya fi karyewa, ki lallaɓa shi. Ƙarfen miƙarwa kuma kada ya hau gashi mai danshi, ruwan ciki yana tafasa ya fasa silin.

Matar aure tana da wani abin da littattafan waje ba sa lissafawa: kanta yana yawan shan ruwa saboda wankan tsarki. Hadisin Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ya sauƙaƙa, ba sai an tsefe kitso ba. Inda matsala take shi ne a fito daga wanka a ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai, a ɗora hijabi, a wuni a haka. Zafi da laima sun haɗu, sai ƙaiƙayi, wari da amosani. Ki matse kitson da kyau, ki bar kan a buɗe a cikin ɗaki ko gaban fanka har gindin ya bushe, ki shafa ɗan mai a ƙarshe, sannan ki rufe. Hular da ke ƙarƙashin hijabi ta zama mai santsi, a kuma riƙa wanke ta.

Ki duba ruwan gidanku ma. In na rijiya ne ko burtsatse mai zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a ciki kuma yake barin fari a gindin buta, wannan farin yana zama a gashi ya sa shi kaushi. Cokali ɗaya ko biyu na khal a kofin ruwa babba, a yi ɗaurayar ƙarshe da shi sau ɗaya ko biyu a wata, yana taimakawa. Lalle yana ƙara wa sili kauri amma yana sa shi tauri, duk wadda ta sa ta bi da kwandishina, mai rilaksa kuma ta rage. Gilisarin da ake sa wa a kayan gashi yana jawo danshi ne daga iska. Da damina yana aiki har ya wuce gona da iri, gashi mai naɗi ya kumbura ya tashi. Da hunturu kuwa iskar ba ta da abin da zai jawo, sai an rufe shi da mai. Shi ya sa nake cewa ko mutum ɗaya ma kayan damina daban, na hunturu daban: da damina a rage mai, a ƙara wanki, da hunturu a ƙara fesa ruwa da man rufewa.

Don ki san ko abin yana aiki, ki shimfiɗa farin ƙyalle ranar tsifa ki duba abin da ya zubo. Guntaye gajeru marasa komai a bakinsu karyewa ce, ita ce wadda duk abin da na faɗa zai rage, kuma cikin wanki uku ko huɗu ya kamata ki ga bambanci. Dogaye masu ɗan farin kai a gefe ɗaya kuwa daga saiwa suka zube. Mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, idan kitso ya yi mako biyu duk suna nan a ciki suna jiran tsifa, don haka kada dunƙulen ya tsorata ki. Amma in masu farin kan nan sun yi yawa fiye da yadda kika saba, ko tsagar kanki tana faɗi, ko tsakiyar kai yana zafi yana rarakewa, wannan ba maganar danshi ba ce. Zubewa takan biyo bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, kuma takan tsaya da kanta. Ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod su ma suna kawo ta, gwajin jini ne ke nuna su. Rarakewar tsakiyar kai kuwa ki kai wa likitan fata da wuri, domin akwai irin da ke kashe saiwa gaba ɗaya, abin da aka tarar da rai kaɗai ake iya cetowa.